Fallen da Ya Tsallake Katanga

Ƙofar Marusa, Katsina.
Ranar Litinin.

Zuwa ga Yayana Mahmud,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rashida da yara. Yaya aiki, yaya kuma zafin Jidda da kake ta yi mana kuka da shi, kamar mu nan cikin firji muke zaune? Allah ya albarkaci nema, ya ƙara rufa asiri, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan sai godiya. Maigidana Salihu yana nan yana fama da zirga-zirgar aikinsa na Batagarawa, in ya fita da safe sai la'asar. 'Yata Ramla ta shiga aji biyu, haƙoranta na gaba sun fita, surutu kuwa sai abin da ya ƙaru. Baba yana cin abinci sosai, kumburin ƙafar ma ya ragu, sai dai wancan lamarin na mantuwa da ka sani yana nan, bai ja baya ba ko kaɗan.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannun Alhaji Idi, alhali shekaranjiya ma mun gaisa a waya na ce maka komai lafiya. Ba lafiya ba ce ƙalau, Yaya, ɓoye maka na yi. Maganar da ke bakina ba ta waya ba ce. Saƙon murya yau ka tura wa mutum ɗaya, gobe ka ji shi a wayar wanda ba ka taɓa gani ba, ni kuwa tsoron da na sha a makon nan ya ishe ni. Da na ji Alhaji Idi zai tashi Umra jibi, sai na ce gara in zauna in rubuta maka komai da hannuna. Ka karanta kai kaɗai tukuna, kuma ka daure ka kai ƙarshe kafin ka yi fushi, don na san halinka, layi uku za ka karanta ka miƙe tsaye ka fara neman waya.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe, shekara biyu ke nan, lokacin da gigin tsufa ya fara kama Baba, ka zaunar da ni a zaure ka sa na yi maka alkawari cewa ba wanda zai sani. Ka ce mutumin da ya karantar da rabin unguwa, wanda ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa daga farko har ƙarshe, ba za a bari yara su riƙa nuna shi suna dariya ba. Na yarda da kai, har yau ma ban ce ba ka da gaskiya ba. Na riƙe alkawarin nan kamar yadda ka so. Duk wanda ya zo gaisuwa ko neman addu'a, a zaure ake tare shi a ce ƙafa ce ta matsa, likita ya hana shiga. Har Liman Malam Yusuf, wanda a gaban Baba ya sauke, sai dai ya ba Salihu saƙon gaisuwa a masallaci. Saboda haka duk unguwar nan kowa ya ɗauka Malam yana ciki da hankalinsa garau, yana lazimi.

To, wata guda da ya wuce Ramla ta dawo daga makaranta da sabon ilimi, wai malaminsu ya koya musu yin jirgin sama na takarda. Ka san ta da Baba, shi ya ce mata amaryarsa, ita ta ce masa tsohon miji mai rowa. Duk gidan nan ita kaɗai ce bai taɓa manta fuskarta ba, ko da sunan ya ɓace masa. Ta yago takarda daga tsohon littafinta ta zauna a gefen buzunsa ta ce yau ita ce malama. Ta nuna masa yadda ake ninka takardar gida biyu a tsaye, a buɗe, a karyo kusurwoyin sama su haɗu a layin tsakiya, a sake karyo su har kan ya yi tsini, sannan a ninke a sauko da fukafukai. Ina wanke-wanke ina jin tana yi masa faɗa wai ya karkace. Da ta wurga nata ya yi ɗan zagaye ya faɗa cikin bahon ruwa, sai na ji Baba ya yi dariya. Wallahi Yaya, na fi wata shida ban ji wannan dariyar ba. Na ajiye kwanon da ke hannuna na shiga ɗaki na yi kuka.

Abin mamaki, mutumin da ba ya tuna ko ya ci abincin rana, sai ga shi ya riƙe wannan ninki tsaf. Cikin kwana uku ya fi malamar tasa iyawa. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana jan layi a takarda bai manta aikinsa ba. Sai ya daidaita baki da baki kamar mai awo, ya bi karin da farcen babban yatsa sau biyu, ya ɗan tanƙwara ƙarshen fukafukan sama, dabarar da ba wanda ya koya masa. Nasa ba ya faɗuwa da ka irin na Ramla, miƙewa yake yi sambal. Kullum kuma gabas yake wurgawa, ya ce na Mamuda ne, wato kai, zai kai masa. Ni da kaina na dinga tattaro masa tsofaffin littattafan makaranta da takardun ofis da Salihu ya daina amfani da su, ina murna na samo abin da ke zaunar da shi wuri ɗaya. Ban taɓa kawowa a raina in duba gafakar da ke rataye bisa kansa ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Ranar Talata bayan azahar na leƙa gidan suna a bayan layinmu, ban yi awa guda ba. Ramla tana Islamiyya, Baba na bar shi yana gyangyaɗi. Ina dawowa na ga tsakar gida da jirage a warwatse, ɗaya a bakin rijiya, ɗaya bisa igiyar shanya. Na sunkuya zan ɗauka, sai na ga baƙar tawada da jan wasali. Yaya, rubutun Alƙur'ani ne. Takardunsa ne suka ƙare, ya miƙa hannu ya sauko da gafaka, ya buɗe Alƙur'aninsa na rubutun hannu. Ka san ba ɗinkakke ba ne, falle-falle ne, ga takardar da kauri, irin wadda ke tashi da kyau. Yana zaune yana ninka wani cikin natsuwa, da ya gan ni har ya ɗago yana murmushi yana nuna mini. Na karɓe a hankali ina salati. Na tsince guda bakwai a cikin gida. Sai na ɗaga kai na dubi katangar gabas, wadda bayanta lungu ne, lungun kuma ya ɓulle daidai inda 'yan acaɓa ke tsayawa da rumfar mai shayi.

Ban gama tunanin ba Indo maƙwabciyarmu ta yi sallama, ta shigo ta turo ƙofa da kanta. Ta zaro hannu daga cikin hijabi, ga jirgi ɗaya. Ta ce a bakin ƙofarta ta gan shi, taku biyu tsakaninsa da kwata, Allah ya sa ita ta fara fitowa. Ta ce in ja wa 'yata kunne tun kafin ta jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu, don kowa a layin nan ya ga Ramla tana wurga irin waɗannan a ƙofar gida. A nan ne na gane inda muka tsaya. Ba wanda zai taɓa kawo Baba a ransa, tunda mun shafe shekara biyu muna gaya wa mutane lafiyarsa lau. Duk wanda ya tsinci irin wannan falle, yarinyata zai ce. Ka kuma san zamanin da muke ciki. Mutum ɗaya ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ko ya ɗaga murya ya ce an wulaƙanta Alƙur'ani, kafin a tsaya tambayar wane ne ko shekarunsa nawa, an cika ƙofar gida. Mun sha jin yadda irin wannan ke ƙarewa a wasu wurare. Na roƙi Indo ta rufa mini asiri, ta rantse, amma Indo ce fa, wadda magana ba ta kwana a cikinta.

Da Salihu ya dawo muka yi alwala muka baje tabarma a ɗaki muka rufe ƙofa. Baba ya taɓa nuna mana tun muna yara cewa a ƙasan kowane falle yana rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita, don kada su cakuɗe. Da wannan muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ni ina karanta ta ƙasa, Salihu yana duba ta sama. Magariba ta yi ba mu kai rabi ba, sai washegari da hantsi muka ƙarasa, Salihu ko aiki bai je ba. Muka warware jiragen muka danne su da dutsen guga marar wuta, kowanne muka mayar da shi gurbinsa. Aka samu giɓi biyu. Salihu ya jingina tsani ya hau, ya samo ɗaya bisa kwanon ɗakin girki. Ɗayan kuwa babu shi, babu alamarsa. Falle ɗaya daga cikin Suratu Maryam yana waje, an ninke shi jirgi, kuma daga gidanmu ya fita.

Na yafa mayafi na fita lungun ina sunkuye, wai ɗan kunnena ne ya faɗi. Mata uku suka fito suna taya ni nema, har da mai kawo tsintsiya, ni kuwa ina addu'a a zuci kada Allah ya sa ɗayarsu ta ga abin da nake nema da gaske. Na leƙa kwata, na tona bola da kara, na duba bayan tulin bulo na gidan da ake ginawa. Da na kai bakin titi na ga samarin nan a rumfar mai shayi kowa da waya a hannu, sai na ji kamar duk ni suke kallo, na juyo. Na hana Ramla zuwa makaranta da Islamiyya, na ce mata ba ta da lafiya. Ta ce ita lafiyarta ƙalau, na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ta koma gefen kakanta ta zauna, su biyu suna kallona, ba wanda ya san abin da ya yi.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga ihu daga bakin titi, da gudun mutane, ana ta a tare, a tare. Yaya, ban san lokacin da na suri Ramla ba. Na tura ta bayan buhunan gero a sito, na rufe ta da tabarma, na ce ko ta ji ana kiran sunanta kada ta amsa, ko da muryata ce. Na dawo na tsaya a zaure na dafe ƙofa da bayana, ina jin sawun mutane yana matsowa, ina lissafin ta ina zan fitar da tsohon da ba ya iya gudu. Hayaniyar ta zo ta wuce ƙofarmu. Ashe bijimi ne ya ƙwace wa mahauta. Da na buɗe sito na tarar da yarinyar nan ta toshe bakinta da hannu biyu, ta jiƙa wandonta, ta tambaye ni a hankali ko ɓarayi ne. Shekararta bakwai. A nan na ce wa kaina alkawarin da na yi maka ya kai iyakarsa.

Salihu dama tun ranar farko yake cewa a je wa Liman, ni ce nake ƙi saboda kai. Ranar Juma'a da safe na sa shi gaba muka tafi. Na durƙusa a zauren Malam Yusuf na faɗa masa komai, tun daga ranar da Baba ya fara sallar azahar sau uku har zuwa jirgin. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya yi mini faɗa, faɗa mai zafi, ba a kan fallen ba. Ya ce shekara biyu malaminsa yana ciwo muna tare shi a zaure kamar mai bara, da wane ido zai dubi Baba gobe ƙiyama. Ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, wannan ko ɗalibin fari ya sani, amma ɓoyewar da muka yi ita ce ta kusa jefa marar laifi cikin wuta. Ya sa takalmi ya biyo mu. Ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi, Baba ya amsa da fara'a, sannan ya tambaye shi daga wane gari yake. Na ga dattijon nan mai furfura ya kawar da kai yana share ido da bakin rawani.

Bayan sallar la'asar Liman ya tsayar da mutane a masallacin unguwa. Salihu yana wurin, shi ya ba ni labari. Liman ya gaya musu Allah ya jarrabi Malam da ciwon mantuwa, ya faɗi abin da ya faru bai rage komai ba, ya ce duk wanda ya tsinci falle a ninke ya kawo, kuma duk wanda ke da magana a kan gidan nan ya zo wurinsa, shi ne mai amsawa. Salihu ya ce mutane suka ɗauki salati ƙasa-ƙasa. Ni ina gida na kasa zaune na kasa tsaye, don ban san ta inda maganar za ta faɗi ba. Duk babur da ya tsaya a lungu sai gabana ya faɗi.

Kafin magariba aka yi sallama. Wani ɗan acaɓa ne, Ɗanliti, magidanci daga ƙauyen wajen Batagarawa, cikin mutanen nan na bakin titi da na fi jin tsoro. Ya cire hularsa, ya zaro leda daga ciki, ga fallen a warware, ya naɗe shi da farin ƙyalle. Ya ce tun ranar Talata ya faɗo masa bisa tankin babur yana jiran fasinja. Da ya ga rubutun sai ya cusa a hula kafin wani ya gani, don shi baƙo ne a garin nan, in aka gan shi da Alƙur'ani a ninke haka wa zai tsaya jin ta bakinsa. Ya ce kwana uku yana yawo da shi a ka, ya kasa yarwa, ya kasa nuna wa kowa, ko matarsa bai gaya wa ba, ko bayan gida zai shiga sai ya rataye hular a reshe. Ya miƙo mini fallen, na karɓa da hannu biyu. Na yi masa godiya da addu'a. Fallen bai yage ba, sai dai karin ninkin Baba ya zauna daram, mun danne mun danne ya ƙi fita.

To ka ji, Yaya. Ramla ta tsira, ta koma makaranta yau. Asirin da ka ba ni riƙo kuwa ya fita, ni na fitar da shi, in za ka yi fushi ka yi da ni kaɗai. Tun ranar Asabar zaure bai rabu da mutane ba, tsofaffin ɗalibansa suna ta zuwa, kuma ban ga wanda ya yi dariya ba. Amma tsoron bai sake ni duka ba. Ba kowa ne ya je masallaci ranar ba, kuma in hakan ya sake faruwa, ban san ko za mu ƙara samun irin Ɗanliti ba. Liman ya ce a ɗauke gafakar da duk littattafansa daga inda hannunsa zai kai. Na zuba su a akwatin ƙarfen Inna na sa kwaɗo.

Wannan ne abin da ya fi komai yi mini ciwo. Ashe duk mantuwar nan, kullum bayan asuba yana ɗaga hannu ya shafa gafakar nan, ni ban taɓa lura ba. Yanzu sai ya miƙa hannu ya taɓa ƙusa. Na kawo masa farar takarda rim guda, ko kallonta bai yi ba, jirgin ma ya daina. Jiya na kai masa kunu na same shi tsaye yana lalube bango. Ya juyo ya kira ni baiwar Allah, ya roƙe ni cikin ladabi ko na ga wanda ya ɗauke masa Alƙur'aninsa, ya ce shekara huɗu ya yi yana rubuta shi, ba shi da wani. Na ce masa ban gani ba, amma za a nemo. Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka. Makullin yana ɗaure a bakin zanena, Yaya, kuma gobe da safe zai sake tambayata. Ka nemi hutu ka zo. Na gaji da yi masa ƙarya ni kaɗai.

Ka gaishe mini da Rashida da kyau, ka ce mata turaren ya iso, na gode. Ka shafa mini kan Anas da Fadila. In ka shiga Makka ka isar da gaisuwata ga Goggo Halimatus Sa'adiyya, ka gaya mata halin da ɗan'uwanta yake ciki, tunda yanzu babu sauran abin ɓoyewa, ku sa shi a addu'a a gaban Ɗakin Ka'aba. Salihu yana gaishe ka, Liman ma ya ce a gaishe ka. Allah ya ba Baba sauƙi, ya sa mu gama da shi lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Furera.